Ka Taɓa Shan Wiwi Kuma Kana Neman Izinin Sirri Na Gwamnatin Amurka? Ga Matakan Da Za Ka Bi

Tambaya ɗaya ce ke yawan dawo mini daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, kuma ba a taɓa yi mini ita a bainar jama'a ba. Sai dai wani ya ja ni gefe bayan an sauko daga Juma'a, ko wata uwa ta kira da daddare tana magana ƙasa-ƙasa: yaro ya samu aiki a kamfanin da ke yi wa Ma'aikatar Tsaro kwangila, an ce sai an tantance shi an ba shi izinin ganin bayanan sirri, abin da ake kira kiliyarans, ga shi kuma ya taɓa busa wiwi lokacin da yake jami'a. Shi ke nan aikin ya kuɓuce?

Bai kuɓuce ba. Gwamnatin da kanta ta faɗa: a ranar 21 ga Disamban 2021 Daraktar Leƙen Asirin Ƙasa ta lokacin, Avril Haines, ta aika wa hukumomi umarni cewa shan wiwi na nishaɗi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke wa mutum hukunci. Abubuwan da na ga suna kayar da yaranmu guda biyu ne: ɓoyewa a fom ɗin neman izinin, wato SF-86, da ci gaba da sha bayan an sa hannu. Na jera matakan nan ne don kauce wa waɗannan biyun. Da "kai" na rubuta don sauƙi, amma mata ma haka abin yake a kansu.

1. San dokar wa ake bi

Jihohi 24 sun halatta wiwi ga manya. Colorado da Washington ne suka fara a 2012, New York ta bi a 2021, Maryland ta buɗe shaguna a Yulin 2023. Wanda ke zaune a Bronx ko Silver Spring yana wucewa ta gaban shagon wiwi mai lasisi kamar yadda yake wuce kantin magani. Wannan shi ke ruɗar matasa.

Izinin sirri na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar tarayya ta 1970 kan miyagun ƙwayoyi ta sa wiwi a aji na ɗaya, wato mafi tsanani. A Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta kawo shawarar sauko da ita aji na uku, amma ko a aji na uku, sha don nishaɗi haramun ne a dokar tarayya. Fom ɗin ma ya rubuta ƙarara cewa da dokar tarayya ake amsa tambayoyin, ko da jiharka ta halatta.

Gargaɗi: katin da likita ke bayarwa a jiha don shan wiwi a matsayin magani ba ya kare ka a nan. Idan kana da shi, ka mayar ko ka bar shi ya mutu, ka ajiye shaidar hakan.

2. Daina yau, ka rubuta ranar

Akwai wata doka ta 2008 da ake kira Gyaran Bond, wadda ta hana kowace hukuma ba da izinin sirri ga wanda yake cikin shan haramtacciyar ƙwaya a halin yanzu. Ga mai sha yau babu wata dabara ko lauyan da zai taimaka. Don haka agogonka yana fara bugawa ne daga zuƙar ƙarshe. Ka rubuta watan da shekarar a littafi, domin za a tambaye ka sau da yawa, kuma dole amsar ta zama ɗaya kullum.

Dainawa ta haɗa da alewa da biskit da ake sa wa THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi, da na zuƙa ta bututun lantarki. Ta haɗa da man CBD ma, wanda ake tatsa daga tsiron wiwi ana amfani da shi kamar magani. Dokar noma ta 2018 ta halatta kayan da THC ɗinsu bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, amma umarnin Haines ya yi kashedi cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba ba koyaushe yake gaskiya ba, kuma mutum na iya faɗuwa gwajin fitsari ta dalilinsa. Sojoji kam an hana su kayan CBD gaba ɗaya. Idan gwiwa ce ke damunka, ka nemi wani maganin.

Sai batun kuɗi. Sayen hannun jari kai tsaye a kamfanin noma ko sayar da wiwi, kana sane, ana iya lissafa maka shi a matsayin rashin hangen nesa da rashin bin doka. Idan kuwa asusun fansho ne ko wani asusun haɗaka mai ɗaruruwan kamfanoni, ba a ɗora maka laifi. Ka buɗe manhajar hannun jarinka ka duba, in akwai ka sayar, ka ajiye takardar cinikin. Mai aiki a shagon wiwi kuma ya sani cewa a idon tarayya sayar da ƙwaya yake yi.

Gargaɗi mafi girma a duk rubutun nan: kada ka sake sha bayan ka sa hannu a fom. Umarnin 2021 ya ce tantancewa tana farawa ne daga lokacin da ka sa hannun. Wanda ya sha bayan nan ya nuna cewa ya san doka ya taka, kuma alƙalan da ke duba waɗannan shari'o'i ba sa ɗaukar wannan da sauƙi.

3. Duba sharaɗin wurin da kake nema

Ba ka neman izinin sirri da kanka. Sai hukuma ko kamfani ya ba ka aikin da ke buƙatarsa, su ne za su gabatar da kai, kuma gwamnati ce ke biyan kuɗin binciken. Ko sisi ba ka biya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka kiliyarans ɗan damfara ne. Sannan sai ɗan ƙasa ake ba wa. Wanda ya zama ɗan ƙasa ta hanyar rantsuwa ya cancanta, mai katin zama kawai bai kai ba tukuna.

Matakan izinin uku ne: Confidential, Secret da Top Secret. Ƙa'idojin yanke hukunci iri ɗaya ne a dukkansu, zurfin binciken ne ya bambanta. Kundin ƙa'idojin, SEAD 4, wanda ya fara aiki a Yunin 2017, bai ce sai ka yi wata kaza ba ka sha ba. Amma wasu hukumomi suna da nasu sharaɗin ɗaukar aiki daban. FBI, alal misali, ta rage nata daga shekara uku zuwa shekara ɗaya a 2021: wanda ya sha wiwi cikin shekara ɗaya kafin ya nemi aiki ba za a ɗauke shi ba. Ka karanta sharaɗin hukumar a shafinta kafin ka tura takardu. Idan saura wata huɗu ka cika, ka jira wata huɗun. A ganina, ko da hukumar ba ta sa wa'adi ba, wanda ya shekara bai sha ba yana tsaye ne a kan ƙasa mai ƙwari, wanda ya daina watan jiya kuwa ƙafarsa ɗaya na kan laka.

4. Zauna da littafi ka haɗa tarihinka

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke haifar da rabin matsalar. Kada ka buɗe fom sai ka gama shi.

Wani ɗan abokina ya zo gidana da wannan damuwar. Ya zauna a teburin cin abinci, shayin da aka zuba masa har ya huce bai taɓa ba. Na tambaye shi sau nawa. Ya ce, "Kawu, wallahi bai wuce sau biyar ba." Na ba shi littafi da biro, na ce mu bi zango-zango na karatu, ya buɗe hotunan wayarsa da bayanan katin bankinsa. Ga hoton bikin ƙarshen jarrabawa, ga tafiyar da suka yi Denver, ga cire kuɗi a wani shago da sunansa ya isa shaida. Kafin magariba biyar ta zama kusan talatin. Ba ƙarya ya yi mini ba, haka ƙwaƙwalwa take, tana rage abin da mutum ke jin kunyarsa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, idan na rubuta wannan ai na kashe kaina." Na ce masa, "Ɗana, talatin ɗin da ka faɗa da bakinka ta fi biyar ɗin da abokin ɗakinka zai ƙaryata."

Abin da za ka fitar a littafin: watan da shekarar farko, watan da shekarar ƙarshe, kimanin sau nawa, a wane yanayi, da su wa, ko ka taɓa saya, ko ka taɓa karɓar kuɗin abokai ka sayo musu, ko ka taɓa shukawa. Ka rubuta duk wata ƙwaya daban, har da maganin da likita ya rubuta wa wani kai ka sha, kamar ƙwayar hana barci da ɗalibai ke ara lokacin jarrabawa.

Abin da ya faru a gida ma yana ciki. Idan ka je hutu Kano ko Zinder ko Kumasi ka zauna da tsofaffin abokai aka busa, ka rubuta. A Najeriya wiwi haramun ce, hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama masu ita. Haka tiramol da aka saya a kemis ba takardar likita, da maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Wasu suna ganin abin da aka yi a ƙetare ba ya shiga lissafi. Yana shiga. Wanda kuma ya sha a Kanada, inda aka halatta a Oktoban 2018, shawarata ita ce ya bayyana, ya rubuta inda abin ya faru, ya bar masu hukunci su auna.

5. Nemo tsofaffin takardun da ka taɓa cikawa

Mai bincike zai kwatanta abin da ka faɗa yau da abin da ka faɗa jiya. Ka riga shi gani.

Idan an taɓa yi maka binciken gwamnati, kana da haƙƙin neman kwafin fayil ɗinka daga hukumar DCSA, mai gudanar da yawancin irin wannan bincike, a ƙarƙashin dokar kare sirrin mutum. Idan an taɓa kama ka ko an ba ka takardar sammaci, ka nemi takardun kotun, sannan ka nemi taƙaitaccen tarihinka daga FBI, kuɗinsa dala 18 ne ban da kuɗin ɗaukar zanen yatsa.

Wurare biyu ne suka fi shafar mutanenmu. Na farko, shiga soja. Da yawa sun shiga da katin zama, suka zama 'yan ƙasa daga baya, yanzu ana so a ba su izini. A ranar gwajin lafiya an tambaye su batun ƙwaya, wasu suka ce a'a saboda wani ya raɗa musu cewa haka ake yi. Idan kana cikinsu, yanzu ne lokacin gyarawa. Kundin SEAD 4 ya ce wanda ya gyara da kansa, cikin gaggawa da kyakkyawar niyya, kafin a tsare shi da hujja, ana sassauta masa.

Na biyu, fom ɗin zama ɗan ƙasa, N-400. Yana tambaya ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka a kansa ba, kuma a Afrilun 2019 hukumar USCIS, mai kula da ba da zama ɗan ƙasa, ta bayyana cewa karya dokar tarayya kan wiwi na iya hana a shaidi mutum da kyawun hali, ko da jiharsa ta halatta. Idan shan da ka yi ya faɗo kafin rantsuwarka kuma ka amsa a'a a wancan fom, ka tsaya nan. Kada ka sa hannu a komai sai ka zauna da lauyan da ya san dokar shige da fice. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai darajar abin da kake karewa ba.

6. Cika fom SF-86

Jami'in tsaron kamfaninka, wanda ake kira FSO, zai turo maka hanyar shiga eApp, manhajar da ta maye gurbin e-QIP. Fom ɗin ya haura shafi 100 idan aka buga shi: inda ka zauna shekara 10, ayyuka, dangi, abokan hulɗa na ƙasashen waje, basussuka. Sashe na 23 ne na ƙwayoyi.

Ka karanta kowace tambaya a hankali ka lura da tsawon lokacinta. Tambayar sha da ta saye da sayarwa shekara 7 suke komawa baya. Amma wasu ba su da iyaka: ko ka taɓa sha kana riƙe da izinin sirri, ko kana aikin ɗan sanda ko wani aiki da ya shafi tsaron rayukan jama'a kai tsaye, ko an taɓa umartarka ko ba ka shawarar neman magani, ko ka taɓa kai kanka. Sashe na 22 kuma yana tambaya ko an taɓa tuhumarka da laifin da ya shafi giya ko ƙwaya, a tsawon rayuwarka, ko da kotun jiha ta share ko ta rufe fayil ɗin. A Nuwamban 2023 an amince da wani sabon fom, PVQ, wanda ya ware wiwi daban daga sauran ƙwayoyi kuma ya gajarta lokacin tambayar. Ko wanne aka ba ka, ka amsa abin da ke rubuce a gabanka, kada ka amsa da abin da abokinka ya ce nasa ya tambaya.

Da Turanci za ka rubuta, amma ga irin tsarin da nake nufi: "Na sha wiwi kimanin sau 25 zuwa 30 tsakanin Satumban 2019 da Mayun 2022, a taron abokai a jami'a. Sau uku na saya a shago mai lasisin jiha don kaina. Ban taɓa sayarwa ba. Na daina a Mayun 2022, ba na tare da waɗancan abokan, kuma ba ni da niyyar komawa." Gajere, da lambobi, babu kare kai. Inda ba ka tuna ainihin wata ba, akwai akwatin da ake dannawa a nuna ƙiyasi ne.

Kura-kuran da na fi gani a nan: mutum ya amsa e a tambayar sha, ya amsa a'a a tambayar saye, alhali da katinsa ya biya. Ko ya rubuta dogon bayani cewa dokar tarayya ce ta tsufa, wiwi ba ta fi giya illa ba. Ko a tambayar niyya ya rubuta cewa idan an halatta zai koma. Bayyana niyyar ci gaba, ko kasa yin alkawari a fili cewa an daina, yana cikin jerin abubuwan da ke hana izini a ƙa'ida ta H, wadda ita ce ta ƙwayoyi.

Gargaɗi: ƙarya a wannan fom laifi ne a ƙarƙashin sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin Amurka, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Sannan tana jawo ƙa'ida ta E, ta halin mutum, wadda ta fi ta H wuyar wankewa, domin shan wiwi yana tsufa da shekaru, ƙaryar kuwa ranar sa hannu aka yi ta. A ɗaya gefen, fom ɗin ya yi alkawari a rubuce cewa amsar gaskiya a sashe na 23 ba za a yi amfani da ita a matsayin hujja a kanka a shari'ar laifi ba. Kafin ka tura, ka sauke kwafi ka adana.

7. Tanadi hujjojin sassauci

Ƙa'ida ta H ta lissafa abin da ke wanke mutum: abin ya daɗe, ko bai yi yawa ba, ko ya faru a yanayin da ba zai dawo ba, mutum ya amsa, ya rabu da abokan sha, ya bar wuraren da ake sha, ya sa hannu a takardar alkawarin barin duk wata ƙwaya, wadda a ciki ya yarda cewa in ya koma a soke izininsa. Wannan takardar ba ta cin ko kwabo, shafi ɗaya ce, ka rubuta ka sa hannu da kwanan wata. Wanda ya taɓa zuwa cibiyar magani ya nemo shaidar kammalawa da wasiƙar likita.

Rabuwa da abokai ita ce mai wuya, musamman idan mai shan ɗan'uwanka ne ko kuna haya ɗaya. Ba a ce ka yanke zumunci ba. Ana so a ga cewa ba a sha a gidanka ko motarka, kuma idan aka kunna kana tashi. Idan wanda kuke ɗaki ɗaya yana ajiye wiwi a gidan, ka nemi wani wurin zama kafin ganawa.

8. Ganawa da mai bincike

Ga mai neman Top Secret ganawa dole ce, ga mai neman Secret kuma amsa e a sashe na 23 takan jawo ta. Mai binciken zai nuna maka katin shaidarsa, ku zauna a ofis, ya bi fom ɗin layi-layi. Shi ba ya yanke hukunci, rubutawa yake yi ya tura. Ka je da kwafin fom ɗinka, da littafin nan, da fasfo ɗinka duka idan kana da biyu. Idan ka tuna wani abu da ka manta, ka faɗa tun a farkon zama kafin ya tambaya.

Akwai tambayar da ke girgiza yaranmu fiye da kowacce: wa ya san wannan, kuma za a iya amfani da shi a tilasta maka yin wani abu? Ba'amurke yakan yi dariya ya ce kowa ya sani. Ɗan Bahaushe kuwa yakan yi shiru, saboda mahaifinsa limami ne ko mahaifiyarsa tana koyar da Islamiyya, kuma ya gwammace komai da su ji. To wannan shirun shi ne ainihin abin da gwamnati ke tsoro. Duk sirrin da za ka iya yin komai don kada ya fita, makami ne a hannun wanda ya riƙe shi. Ba lallai sai ka tara dangi ka yi shela ba. Amma ya kamata a ce matarka ta sani, ko wani babba a gida, yadda za ka iya cewa da gaskiya: na kusa da ni sun sani, kuma ko duniya ta ji, kunya kawai zan ji, ba zan sayar da amana ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina roƙon iyaye a nan. Idan yaro ya zo ya faɗa muku, ku sani ya yi abin da ya fi masa wuya ne. Ku yi faɗan da za ku yi, amma kada ku ce masa ya rufa wa gida asiri ya rubuta a'a. Na ga shawarar nan ta fito daga bakin masu ƙaunar yaro, kuma ita ce mafi cutarwa.

Mai bincike zai yi magana da mutanen da ka lissafa, su kuma ya tambaye su wasu sunayen. Kada ka kira kowa ka ce masa ga abin da zai faɗa. Ka sanar da su za a zo, su faɗi gaskiya, shi ke nan. Hukumomi irin su CIA da NSA da FBI suna ƙarawa da na'urar gano ƙarya, kuma a ɗakin nan ne lambobin da aka rage a fom suke fitowa. Wanda ya yi mataki na 4 da kyau ba shi da sabon abin faɗa.

9. Jira

Sau da yawa kamfani kan nemi izinin wucin gadi don ka fara aiki. Mai tarihin wiwi na kusa ana iya hana shi wannan. Hana na wucin gadi ba hukuncin ƙarshe ba ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Yaron da na ba da labarinsa haka aka yi masa, ya zauna yana aikin da ba na sirri ba, bayan watanni cikakken izini ya fito. Ka tambayi kamfanin tun farko ko za su riƙe ka idan na wucin gadin bai fito ba, kada ka ajiye tsohon aikinka sai ka ji amsar.

10. Idan takardar dalilai ta zo

Idan masu hukunci ba su gamsu ba, za su aiko da takardar dalilai, SOR, mai lissafa zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin kamfanin kwangilar tsaro yana da kwana 20 daga ranar karɓa ya amsa a rubuce, ya amince ko ya musanta kowane zargi. Sojoji da ma'aikatan gwamnati suna da nasu wa'adin, yana cikin takardar. Wanda ya yi shiru har wa'adi ya wuce ya rasa ba tare da an saurare shi ba.

Ɗan kwangila na iya zaɓar a yanke hukunci a kan takardu kawai, ko ya nemi zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro. Ka nemi zaman. Alƙalin da ya gan ka, ya ji shugabanka na aiki ya yi maka shaida, ya ga sakamakon gwajin fitsari da ka yi da kuɗinka, ya fi wanda takarda kawai ya karanta. A nan ne lauya ke da amfani, kuma kuɗinsa kan kai dubban daloli, ka tambayi farashi a rubuce kafin ku fara. Ofishin DOHA yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunayen mutane ba. Ka karanta goma na ƙa'ida ta H, za ka ga da idonka abin da ke ceto da abin da ke kayarwa.

Gargaɗi: duk hujjar da kake da ita ka kawo ta a wannan zaman. Idan aka hana ka, kwana 15 gare ka ka sanar da ɗaukaka ƙara, kuma kwamitin ɗaukaka ƙarar ba ya karɓar sabuwar hujja. Kotunan gari ma da wuya su shiga, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Egan ta 1988 cewa babu mai haƙƙin a ba shi izinin sirri, kuma duk shakka ana warware ta ne ta ɓangaren tsaron ƙasa. Wanda aka hana sai ya shekara kafin wani kamfani ya sake gabatar da shi.

11. Bayan an ba ka

Daga ranar nan lissafi ya canza. Sha kana riƙe da izini yana cikin mafi nauyin abubuwan da ƙa'ida ta H ta lissafa, kuma tambayarsa a fom ba ta da iyakar shekaru. Yanzu ba a jiran shekara biyar ko goma a sake bincike. Akwai tantancewa ta kullum da ke jawo bayanan kamu da na kotu kai tsaye. Ma'aikatan tarayya a muƙamai masu muhimmanci ana yi musu gwajin fitsari ba sanarwa, bisa umarnin Shugaba Reagan na 1986, kamfanoni da yawa ma suna yi.

Wani kundin ƙa'idojin, SEAD 3, ya ɗora maka kai rahoton wasu abubuwa da kanka, ciki har da tafiya ƙasar waje. Idan za ka gida biki ko Sallah, ka sanar da FSO kafin ka tashi. Ka tafi da magungunanka a kwalbarsu mai sunanka, idan kuma rashin lafiya ta kama ka a can, ka ga likita ya rubuta maka takarda ka dawo da ita. Idan tsautsayi ya sa ka ci wani abu a wurin taro daga baya ka ji an sa wiwi a ciki, washegari da safe ka rubuta wa FSO ranar, da wurin, da abin da ka ci, da wanda ya gaya maka, ka ajiye kwafin saƙon.